Ruwan da Ke Janyewa Ya Komo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga babanki ƙarami, Isa, a Yekuwa, zuwa ga ɗiyata Rakiya a Damagaram. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauƙaƙa miki takardun tafiya, ya kai ki Dakar lafiya, ya sa sitaj ɗin nan na koyon aikin ungozoma ya zama alheri gare ki da matan garinmu. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a karatun lakwal ba. Inda harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Ranar da kika tafi, bayan mai moto ya ɗauke ki zuwa Magarya, na komo gida don in kwance jaki. A ƙofar gida na tarar da kakarki Inna durƙushe, ita da gwiwarta ba ta son durƙuso. Ta shimfiɗa ɗan tsumma a ƙasa, tana kwasar ƙasar sawunki da tafin hannu a hankali, daidai inda kika taka kafin ki hau moto. Haka ta yi mini shekarun baya da zan tafi Dakar, don matafiyi ya komo gida. Liman ya sha faɗi cewa abin ba shi da asali, amma har yau ban ga wanda ya iya hana uwa ba. Na tsaya ina kallonta, na tuna yadda kuka rabu. Kin ce mata ku da abokan karatunki kun shirya, ranar hutu za ku haye tsibirin Ngor da ke kusa da Dakar ku ga inda mutanen duniya ke zuwa shan iska. Ta ce ba da yawunta ba, ba ta yafe ki sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Ke kuma kika ce mini in Inna ba ta sa albarka ba, za ki zauna a ɗaki ki bar sauran su tafi. Kika hau moto idonki jawur.

Na yi magana da ita a wurin. Abin da ta ce yana ƙarshen takardar nan, kuma kada ki yi tsalle ki je can. Na san ki, in kika ji shi yanzu za ki naɗe takardar ki cusa a balis ɗin kayanki. Ki fara jin nawa tukuna.

Ni ba tsoho ba ne, Rakiya. Ranar da aka raɗa miki suna ni na riƙe ƙafar ragon, ko gemu ban fara ba. Amma tun da Allah ya ɗauki mahaifinki, Yaya Mamman, ni ne a mazauninsa, kuma duk gidanmu ni kaɗai na taɓa taka tsibirin nan. Ba ni da ilimin da zan ba ki. Wautar da na tafka a can ita ce gare ni, ita zan shimfiɗa miki, ki ga ramukan ki kauce.

Lokacin ina yaron wani mai nama, mutumin Danciyawo, muna gasa abin da mutanen Dakar ke kira dibi na Hausawa. Sani Dogo, wanda kika sani, shi ne abokin aikina. Wata rana ubangidanmu ya ce ranar Lahadi mutane na cika tsibirin, mu ɗauki ƙaramin furno, murhun ƙarfen nan, da gawayi da tiren nama mu gwada sa'a. Ban tambayi kowa yadda ake zuwa ba. Na ji an ce wurin manya ne, sai na ɗauko shaddata ta Salla da takalmin fata na saka. Da muka isa bakin ruwa na duba, babu wani dakali da ake hawa jirgin ta kansa. Kwalekwale ne mai inji yana rawa cikin ruwa, kowa na naɗe wando yana kutsawa. Na shiga da shadda da takalmi, furno a ka. Kafin in hau rigar ta sha ruwa ta yi nauyi kamar an ɗaura mini buhu, takalmin kuwa daga ranar bai sake zama takalmi ba. Don haka ki tambayi wadda ta taɓa zuwa, tun ana saura kwanaki. Ki sa silifa na roba da tufa mara nauyi mai saurin bushewa. Babban hijabinki mai jan ƙasa ki bar shi a ɗaki, ki sa madaidaici ki ɗaure shi da kyau, iskar can tana da hannu. Waya da kart ɗinki na shaida ki ƙulle su cikin leda.

Kafin jirgin ya tashi aka rarraba wata riga mai ruwan lemo, cike da soso, wadda ke hana mutum nutsewa. Na shinshina na ji ƙarnin kifi da gumin mutane, na ajiye ta a gefe. Kada ki yi haka. Ko warin me take yi ki saka, ki ja igiyoyinta su kama jikinki. In kin ga ta yage ki ce a canza miki, ba rashin kunya ba ne.

Muna tsakiyar ruwa jirgin ya karkata. Kin san mu da amalanke: in ta karkata a kan tudu, sai mutum ya miƙe ya koma ɗaya gefen, ko ya dire ƙasa. Jikina bai yi shawara da ni ba, na miƙe tsaye zan koma can gefen. Jirgin ya ƙara tangaɗi, mata suka yi ihu. Wata tsohuwa mai kwandon kifi da ke kusa da ni ta cafki shaddata ta fizgo ni, na faɗi zaune, ta ɗora mini duka a cinya irin wanda Inna ke yi mana in mun sa hannun hagu a ƙwarya. Ta yi ta faɗa da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na gane duka. Sani yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Isa, a ina za ka dire? Ka ga ƙasa ne?" Jirgi ba amalanke ba ne, ɗiyata. Inda mai jirgi ya nuna miki ki zauna, nan za ki zauna. In ya karkata ki riƙe katako ki yi salati a zaune. Tafiyar ba ta da tsawo, kafin ki gama Ƙulhuwallahu ƙafa kaɗan kun isa.

Da muka sauka na ga tabarmi a shimfiɗe bisa yashi, kowace da laima a kanta. Raina ya yi fari. Na ce wa Sani mutanen nan sun san darajar baƙo. Muka yi sallama muka zauna, ina jiran a kawo ruwan sha kamar yadda ake yi a kowace ƙofar gida daga nan har Dungas. Wani saurayi ya zo ya miƙo hannu, na kama na gaishe shi da kyau har da tambayar iyali. Ashe kuɗin tabarma yake nema. A can inuwa ma haya ake ba da ita. Kada ki ji haushinsu, gonarsu ke nan, da ita suke ci da 'ya'yansu. Ke dai kafin ki zauna, kafin ki ci kifi, kafin ki bari a rataya miki sarƙar wuri a wuya, ki tambayi nawa ne, ku daidaita, sannan. Kuma ku haɗa kuɗin komowa ku ba mai hankalin cikinku ta riƙe daban, kada a taɓa shi ko don me.

Ki tafi da ruwan sha a bido. Za ki ga ruwa ta ko'ina har ƙarshen ganinki, amma ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa. Ni da azahar ta yi, ruwan shan namu na juye na yi alwala, don a zatona ruwan gishiri ba ya alwala. Daga baya na ga masunta na yin tasu a bakin teku, na tambayi wani malami ya ce mini ruwan teku mai tsarki ne. Mun yini da ƙishi a banza. Iskar wurin tana da sanyi, tana ruɗin mutum, ba za ki san rana na cin ki ba sai kanki ya fara sarawa. Ke ce likita, kin fi ni sanin wannan, amma likita ma yana mantuwa in yana cikin ƙawaye.

Akwai kuma maganar ido da baki. Za ki ga Turawa da baƙaƙe, maza da mata, kwance a rana da ɗan abin da bai kai ɗankwali ba. Ni na tsaya na saki baki, sannan na fara zaginsu da Hausa, ina ce wa Sani dubi waɗannan kamar an feɗe awaki an shanya. Wani tsohon Bature mai jan ciki da ke kwance kusa ya ɗaga hularsa daga fuska ya ce mini, "Sannu da aiki, mai nama. Zafi ne ya yi yawa." Da Hausa, Rakiya, Hausa tas! Wai ya yi shekaru yana aikin rijiyoyi a ƙasar Damagaram. Na rasa inda zan sa fuskata. Har ya sayi nama, ya ce yaji ya yi kaɗan. Ki kawar da kanki daga abin da ba naki ba. Ba sai kin yi irin shigarsu ba, ba kuma aikin wa'azi ya kai ki ba. Kada ki ɗauki hoton kowa sai kin tambaye shi, kada ki bari a ɗauki naki in ranki bai so ba.

Yanzu ga babbar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan.

Na duba bakin ruwan na ga kowa ya takure a sama, wajen duwatsu, ga kuma fili a ƙasa, shimfiɗaɗɗe, mai damshi, ba kowa a kai. Kin san tafkin bayan garinmu. In ya janye bayan kaka, ya janye ke nan sai wata damina. Har tumatir da yakuwa muke dasawa a inda ya bari. Da wannan hankalin na auna teku. Na ce wa Sani ruwa ya bar mana wuri, mutanen nan ba su da wayo. Na kafa furno a kan damshin, na hura gawayi, na jera nama.

Tsohuwar nan mai kifi ta gangaro. Ta nuna ruwa, ta nuna furnona, ta nuna can sama, tana kaɗa hannu. Ni kuma na tuna kasuwar Dungas, inda in ka samu wuri mai kyau sai wani ya zo ya ce na kakansa ne. Na ɗauka korata take don ta sa ɗanta. Na yi mata murmushi na gyara zama. Ta sake magana, na ce da Hausa, "Iya, nan ɗin dai, ba inda za ni." Ta dube ni, ta tafa hannu, ta koma wajen kifinta.

Ciniki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da la'asar ta gabato wasu suka aiko daga cikin gari a kai musu nama, Sani ya ɗauka ya tafi. Ni kuma na hau sama na yi salla a bayan wani dutse, na ɗan jima ina hira da wani mai sayar da tabarau. Da na komo, furnona yana tsaye cikin ruwa, gawayin ya mutu yana hayaƙi, tiren nama kuwa ya tashi yana lilo yana yin gaba kamar an kira shi. Ashe ruwan teku yana janyewa ya komo kullum, dare da rana, ba ya jiran damina. Yaron goye ma a can ya san haka.

Har nan asara ce kawai. Wautar ita ce na bi tiren. Na ce kayan mutane ne, ga shi kusa, ruwan bai wuce gwiwa ba. Na kutsa. Yashin da na taka ya zare daga ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Igiyar ruwa ta zo ta buge ni a ƙirji, na faɗi, shaddar ta naɗe mini ƙafafu. Na sha gishiri, na tashi, wata ta sake kayar da ni. Ban san sama ba ban san ƙasa ba. Abin da na tuna shi ne hannu ya kama wuyan rigata ta baya. Tsohuwar ce, da wasu masunta biyu da ta ƙwala wa kira. Ashe tun da na ƙi jin maganarta idonta na kaina. Suka ja ni bisa yashi ina amai. Ta zauna kusa da ni, ta ba ni ruwa daga butarta, sannan ta sake ɗora mini duka a cinyar nan dai ta ɗazu.

Da muka koma na durƙusa gaban ubangidana ina ba shi haƙurin tire. Ya ce, "Kai Isa, tire a kasuwa ake sayar da shi. Kai a wace kasuwa zan sayo ka in mayar wa uwarka?"

To ki ji, ɗiyata. Da kun sauka, ki nemi mace 'yar wurin, mai kifi ko mai abinci, ki gaishe ta, ki tambaye ta ruwa tafiya yake ko komowa, ina ake tsayawa, ina ba a zuwa. Ke kina da Faransanci, ba ki da uzurina. In ɗan wuri ya kaɗa miki hannu, ki tashi tukuna, ki nemi dalili daga baya. Inda kika ga 'yan gari sun bar fili, akwai abin da suka sani. Ki sa ƙafa a ruwa in kina so, iya idon sawu, a inda mata da yara suke, kada ki juya wa teku baya don a ɗauke ki hoto. Bayan tsibirin, wajen baƙaƙen duwatsu inda ruwa ke duka da ƙarfi, ki kalla daga nesa. Kuma duk abin da ruwa ya ɗauka, silifa ne, mayafi ne, ko wayar nan taki da kike ji da ita, ki bar masa. Zan sayar da akuya in saya miki wata. Ki tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, ku komo kafin shi, ku komo tare kamar yadda kuka je.

Saura kuskure ɗaya, shi ne ya shafe ki. Sani ya riga ni komowa gida. Kin san bakin Sani. Kafin in iso, duk Yekuwa ta ji cewa teku ta fito daga mazauninta ta bi ni har tudu ta haɗiye, sai da aka yi ta addu'a ta amayo ni. Ranar da na sauka, mutane suka yi ta zuwa barka, Inna ta yi sadakar waina, tsofaffi na shafa kaina. Ya yi mini daɗi. Na ji kunyar in ce an gargaɗe ni na ƙi ji, a kan tiren nama na kusa mutuwa. Na yi shiru, wani lokaci ma in ana labarin nakan ƙara gishiri. Shekara da shekaru Inna na ɗauke da tsoron nan, cewa teku ɓarauniya ce mai bin 'ya'yan mutane. Ni na dasa mata shi, ke kika zo kika girba. In kin komo, ki faɗi abin da kika gani yadda yake, har da inda kika yi wauta. Akwai ƙannenki a baya masu son fita.

Shi ya sa safiyar nan, da na ga Inna na ƙulle ƙasar sawunki, na durƙusa kusa da ita na faɗa mata duka, tun daga shadda har tire. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Wato matar ta ce ka tashi?"

Na ce, "Ta ce, Inna."

"Ka ƙi?"

"Na ƙi."

"Ta doke ka?"

"Har sau biyu."

Ta ce, "Allah ya yi mata albarka, ta rage mini aiki. Ashe wainata ta tafi a banza, da na sani ita na aika wa." Sai ta fashe da dariya har tana riƙe gwiwa, ta ce ita duk shekarun nan tana zargin ruwan Allah, ashe ɗanta ne mai kunnen ƙashi. Daidai nan Sani ya zo wucewa da garma a kafaɗa. Ta kira shi ta ce, "Kai Dogo, zo nan, maƙaryacin banza. Teku ce ta hau tudu?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, ai ta ɗan hau."

Ta ƙulle tsumman ta soke shi a haɓar zane. Na kama hannunta ta miƙe. Sannan ta ce, "Ita ƙawar tawa Rakiya tana jin magana, ba irinka ba ce. Ka rubuta mata, ka ce na sa albarka, ta je. Amma ta ɗebo mini yashin tsibirin nan a ƙullin leda, in ga irin ƙasar da ruwa ke bari ya komo mata. In haɗa da wannan in ajiye."

Ga saƙon Inna, na sauke. Ki je, Rakiya. Ki ɗebo yashin daga sama inda ya bushe, ba sai kin gangara ba. In kuma kin ga wata tsohuwa mai kwandon kifi da saurin hannu, ban san sunanta ba, ban ma san ko tana raye ba, ki gaishe ta da kyau ki sayi kifinta, kada ki nemi ragi.

Allah ya kiyaye hanya, ta ƙasa da ta sama da ta ruwa. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya rufa miki asiri, ya sa ki gama abin da ya kai ki, ya komo mana da ke kan sawunki lafiya. Allah ya jiƙan mahaifinki. Amin.

Kin san Inna, gobe tana iya cewa ba ta tuna ta faɗi haka ba. To ba ni kaɗai na ji ba. Sani Dogo yana tsaye da garmarsa, gwaggonki Dije tana bakin zaure da tulu a ka, Malam Ɗanjuma mai amalanke kuma ya tsayar da jakinsa ya ji komai, har ya ce amin.

Babanki,
Isa